Otto Kerner: Gwamnan da ya hau kujerar alƙali, ya sauka a kurkuku

A ranar 19 ga Fabrairun 1973, a wata kotun tarayya da ke birnin Chicago na ƙasar Amurka, mutum 12 da aka zaɓo daga cikin jama'a domin taya alƙali yanke hukunci suka bayyana matsayarsu a kan wani dattijo mai shekara 64. Sun same shi da laifi a tuhume-tuhume 17, waɗanda suka haɗa da karɓar rashawa, haɗa baki, zamba, shaidar zur da kauce wa biyan haraji. Sunan dattijon Otto Kerner. Tsohon gwamnan jihar Illinois ne, kuma janar mai ritaya. A wannan rana ma alƙali ne mai ci a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, wadda ke zama a cikin ginin da aka yi masa shari'ar. Kafin shi, ba a taɓa samun wani alƙalin ɗaukaka ƙara na tarayya da laifi yana kan kujerarsa ba a tarihin Amurka.

Shekara biyar kafin wannan rana, sunansa ne a kan rahoton gwamnati da ya fi kowanne tayar da ƙura a zamaninsa, rahoton da ya ɗora alhakin tarzomar biranen Amurka a kan wariyar launin fata. Har gobe masana na ambaton rahoton da sunansa, kuma har gobe lauyoyi na ambaton shari'arsa idan ana muhawara kan gurfanar da alƙalai.

Ɗan gidan siyasa

An haifi Otto Kerner a Chicago ranar 15 ga Agustan 1908, a cikin al'ummar da kakanninta suka yi ƙaura daga yankin Bohemia, wanda a yau yake cikin Jamhuriyar Czech. Mahaifinsa, wanda shi ma sunansa Otto Kerner, lauya ne kuma jigo a jam'iyyar Democrat. Ya riƙe muƙamin antoni janar na jihar Illinois daga 1933 zuwa 1938, daga nan shugaba Franklin Roosevelt ya naɗa shi alƙali a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shiyya ta Bakwai, inda ya zauna har rasuwarsa a 1952. Wannan kotu, mai sauraron ƙararraki daga jihohin Illinois da Indiana da Wisconsin, ita ce burin ɗan tun yana saurayi.

Ya yi karatu irin na 'ya'yan manya. Ya kammala digiri a Jami'ar Brown a 1930, ya yi shekara guda a Jami'ar Cambridge da ke Ingila, sannan ya samu digirin lauya a Jami'ar Northwestern a 1934. A wannan shekara ya auri Helena, 'yar Anton Cermak, magajin garin Chicago da ya haɗa kan ƙabilun baƙin haure na birnin ƙarƙashin inuwar jam'iyyar Democrat. Cermak bai ga auren ba. A watan Fabrairun 1933 wani ɗan bindiga ya buɗe wuta a wani taro a Miami da nufin kashe Roosevelt, harsashi ya samu Cermak, ya kuma rasu bayan makonni uku. Da wannan aure Kerner ya haɗa gado biyu, na shari'a daga mahaifinsa da na siyasa daga surukinsa.

A 1934 ɗin ne kuma ya shiga rundunar dakarun tsaron jiha. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, ya yi aiki a sashen manyan bindigogi a Arewacin Afirka da tsibirin Sicily, a ƙarƙashin William Westmoreland, wanda daga baya ya jagoranci sojojin Amurka a Vietnam. Daga bisani aka tura shi yankin tekun Pasifik. Ya ci gaba da zama cikin dakarun jihar bayan yaƙi, ya yi ritaya a 1954 da muƙamin manjo janar.

Mai gabatar da ƙara

A 1947 shugaba Harry Truman ya naɗa shi babban lauyan gwamnatin tarayya mai gabatar da ƙara a arewacin Illinois. Shari'ar da ta fi fice a zamaninsa ita ce ta Preston Tucker, wani mai ƙera motoci da ya tara kuɗin jama'a ta hanyar sayar da hannun jari, amma kamfaninsa ya ƙera motoci 51 kacal. Ofishin Kerner ya tuhume shi da laifuka da dama, ciki har da zamba ta hanyar gidan waya. A watan Janairun 1950 kotu ta wanke Tucker, sai dai kafin nan kamfanin ya riga ya durƙushe. Dokar zamba ta gidan waya da aka yi amfani da ita a kan Tucker ita ce za a ɗaga a kan Kerner bayan shekara ashirin da 'yan kai.

A 1954 aka zaɓe shi alƙalin gundumar Cook, wadda Chicago ke cikinta. A nan ya yi suna wajen gyara tsarin karɓar riƙon yara marayu. Muƙamin yana da wani nauyi na siyasa, domin a lokacin alƙalin gunduma ne ke sa ido a kan hukumar zaɓen birnin.

Ɗan takarar da Daley ke nema

Siyasar Chicago a wancan zamani tana hannun mutum guda, Richard J. Daley, magajin gari daga 1955 har zuwa rasuwarsa a 1976, kuma shugaban jam'iyyar Democrat na gundumar Cook. Tsarinsa ya ginu ne a kan raba ayyukan gwamnati ga masu kawo ƙuri'a. Kowane wakilin unguwa ya san adadin ƙuri'un da ake jira daga gare shi, ya kuma san cewa aikinsa na iya tafiya idan ya gaza. Irin wannan tsari yana buƙatar fuska mai mutunci da za a sa a gaba domin jawo masu zaɓe na wajen birni, waɗanda ba su yarda da 'yan siyasar Chicago ba. Kerner ya dace da wannan buƙata: ga ilimi, ga kakin soja, ga natsuwa, kuma ba a taɓa jin sunansa cikin wata badaƙala ba. Jaridu har laƙabi suka yi masa da ke nuna tsabtarsa.

A zaɓen 1960 ya kayar da gwamna mai ci, William Stratton na jam'iyyar Republican, da ratar ƙuri'u fiye da rabin miliyan. A wannan rana John Kennedy ya ci jihar a zaɓen shugaban ƙasa da ratar da ba ta kai 9,000 ba, kuma magoya bayan Richard Nixon suka dage cewa an yi maguɗi a Chicago. Wannan ƙorafi zai sake tasowa a labarin Kerner.

Ya kama mulki a watan Janairun 1961. Aikin da aka fi tunawa da shi a kai shi ne sauya tsarin kula da masu taɓin hankali, inda aka gina cibiyoyin jinya a shiyyoyin jihar domin rage cunkoso a manyan asibitocin da suka zama tamkar wuraren ajiye mutane. A zamaninsa aka kafa hukumar kula da ilimi mai zurfi, aka kafa hukumar hana wariya wajen ɗaukar ma'aikata, aka kuma yi dokar 1965 da ta shimfiɗa tsarin kwalejojin al'umma masu karatun shekara biyu. A 1962 masu zaɓe suka amince da gyaran tsarin kotunan jihar. A ƙarshen 1966 gwamnatin tarayya ta zaɓi Illinois domin gina babbar cibiyar binciken kimiyyar ƙwayar zarra, wadda ake kira Fermilab a yau.

Ya kuma nuna cewa yana iya taurin kai. A 1963 ya ƙi sa hannu a kan taswirar mazaɓu da 'yan Republican suka zana, kwamitin da aka kafa domin sasantawa ya kasa cimma matsaya, sai aka tilasta zaɓen dukan 'yan majalisar wakilan jihar 177 a matsayin mazaɓa guda a 1964. Kowace jam'iyya ta tsayar da mutum 118, takardar ƙuri'ar ta ɗauki sunaye 236, kuma dukan 'yan takarar Democrat suka yi nasara. A wannan zaɓe Kerner ya kayar da Charles Percy ya samu wa'adi na biyu.

Rahoton da Johnson bai so ba

A watan Yulin 1967 tarzoma ta ɓarke a unguwannin baƙar fata na biranen Amurka. A Newark mutum 26 suka mutu, a Detroit 43. Kafin wutar Detroit ta gama lafawa, shugaba Lyndon Johnson ya kafa kwamiti mai mutum 11, ya ba shi aikin gano abin da ya faru, dalilin faruwarsa, da yadda za a hana aukuwarsa a gaba. Ya naɗa Kerner shugaba, magajin garin New York John Lindsay kuma mataimaki. Baƙar fata biyu ne a cikin kwamitin: Sanata Edward Brooke da Roy Wilkins, shugaban ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata ta NAACP.

Zaɓen Kerner ba abin mamaki ba ne. Ɗan jam'iyya ne mai biyayya, tsohon soja ne, kuma a 1966 ya tura dakarun jiha titunan Chicago lokacin tarzoma. Johnson yana zargin cewa akwai masu tsattsauran ra'ayi da suka kitsa tashin hankalin, kuma yana sa ran kwamitin zai yaba wa shirye-shiryen gwamnatinsa na yaƙi da talauci.

Rahoton da ya fito a ƙarshen Fabrairun 1968 ya saɓa wa wannan tsammani. Ya ce babu wata hujja da ke nuna makirci ko shiri na ɓoye. Ya ce ƙasar na rabuwa gida biyu, farare a gefe, baƙaƙe a gefe, kuma ba a kan daidaito ba. Ya ɗora alhakin samuwar unguwannin talauci a kan al'ummar farar fata da hukumominta, ya lissafa cin zalin 'yan sanda da rashin aikin yi da munanan gidaje a sahun gaba na koke-koken jama'a. Ya ba da shawarar samar da ayyuka miliyan biyu cikin shekara uku da gidaje miliyan shida cikin shekara biyar. Bai ƙyale 'yan jarida ba: ya zarge su da kallon ƙasar da idon farar fata kaɗai, ya kuma nuna ƙarancin baƙar fata a ɗakunan labarai.

Masu tarihi sun fi danganta kaifin harshen rahoton ga Lindsay da Sanata Fred Harris da ma'aikatan kwamitin. Rawar Kerner ita ce riƙe mutum 11 masu bambancin ra'ayi har suka sa hannu gaba ɗaya, sannan ya tsaya a kan abin da suka rubuta. Da aka buga rahoton a matsayin littafi, an sayar da kwafi dubu ɗaruruwa cikin makonnin farko. Johnson, wanda yaƙin Vietnam ya cinye masa kuɗi da farin jini, ya yi biris da shawarwarin. Bayan wata guda da 'yan kwanaki, ranar 4 ga Afrilu, aka kashe Martin Luther King, tarzoma ta sake tashi a birane fiye da ɗari.

Duk da fushinsa, Johnson ya miƙa sunan Kerner ga Majalisar Dattawa a watan Maris domin zama alƙali a kotun da mahaifinsa ya yi aiki. Majalisar ta amince a watan Afrilu. A watan Mayu ya ajiye muƙamin gwamna, mataimakinsa Samuel Shapiro ya gaje shi. A tsarin Amurka alƙalin tarayya yana riƙe da kujerarsa har mutuwa ko murabus, kuma majalisa ce kaɗai ke iya tsige shi.

Hannun jarin filin sukuwa

Abin da ya rusa shi ya samo asali ne tun wa'adinsa na farko a gidan gwamnati. A wancan lokaci sukuwar dawaki babbar sana'a ce a Illinois saboda cacar da ake yi a kanta bisa doka. Hukumomin da gwamna ke naɗa mambobinsu ne ke raba wa filayen sukuwa ranakun gasa a kowace shekara, kuma ribar fili ta dogara ne a kan yawan ranakun da ya samu da lokacin da suka faɗo. Wanda ya samu tsakiyar bazara ya kwashi kuɗi, wanda aka tura lokacin sanyi ya yi asara.

Marje Everett ce ke tafiyar da manyan filaye biyu, Arlington Park da Washington Park. Bisa shaidar da aka gabatar a kotu, a 1962 aka yi wa Kerner da amininsa Theodore Isaacs alkawarin hannun jari a kamfaninta. Isaacs shi ne ya jagoranci yaƙin neman zaɓen Kerner, kuma shi ne daraktan tara kuɗin shiga na jihar. Wanda ya shiga tsakani shi ne William Miller, shugaban hukumar sukuwa da Kerner ya naɗa. Ba su biya kuɗi ba sai a 1966, kuma a kan tsohon farashi, alhali darajar kamfanin ta ninka sau da yawa. Abin da suka biya bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na darajar abin da suka karɓa ba. An bi da cinikin ta hannun wasu mutane da wasu kamfanoni, yadda sunan gwamna bai fito fili ba, kuma da aka sayar, ribar Kerner shi kaɗai ta haura dala 100,000.

Bayan Nixon ya hau mulki a 1969, jami'an hukumar tara haraji ta tarayya suka fara bin diddigin cinikin. A watan Disambar 1971 aka tuhumi Kerner da Isaacs da Miller da wasu. Wanda ya jagoranci ƙarar shi ne James Thompson, matashin lauya ɗan Republican da ke riƙe da ofishin da Kerner ya taɓa riƙewa. Saboda alƙalan Chicago abokan aikin wanda ake tuhuma ne, sai aka kawo alƙali Robert Taylor daga jihar Tennessee. Miller ya koma shaidar gwamnati. Everett ma ta ba da shaida, kuma ba a taɓa tuhumarta ba.

Matsayin masu gabatar da ƙara shi ne cewa hannun jarin toshiyar baki ce, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: gwamnan ya sa baki a rabon ranakun gasa da dokokin sukuwa domin amfanin Everett. Kerner ya hau akwatin shaida da kansa. Ya amince ya mallaki hannun jarin, ya ce ciniki ne na halal, ya bayyana ribar a takardar harajinsa, kuma babu wata shawara ta gwamnati da ya sauya saboda shi. Masu taya alƙali ba su gamsu ba. A watan Afrilun 1973 aka yanke masa ɗaurin shekara uku da tarar dala 50,000. A wannan shekara matarsa Helena, wadda ta daɗe tana jinya, ta rasu.

Tambayoyi biyu da shari'ar ta bari

Ta farko ita ce ko za a iya gurfanar da alƙali mai ci kafin a tsige shi. Lauyoyin Kerner sun ce tsarin mulki ya ba majalisa kaɗai ikon hukunta alƙalin tarayya, don haka sai an tsige shi kafin kotu ta taɓa shi. A 1974 wasu alƙalai uku da aka aro daga wasu shiyyoyi suka yi watsi da wannan hujja, suka ce kariyar da aka ba kujerar alƙali ba ta ɗaga mai zama a kanta sama da dokar laifuka ba. Sun soke wasu daga cikin tuhume-tuhumen, ciki har da na rashawa kai tsaye, suka tabbatar da na haɗa baki da zamba da shaidar zur da haraji. Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar. Mai bibiyar shari'a a Najeriya zai gane wannan muhawara, domin a 2017 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Legas ta yanke cewa ba za a gurfanar da alƙali mai ci kan laifin da ya shafi aikinsa ba sai hukumar kula da alƙalai ta NJC ta gama nata ladabtarwar, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 2022. Akwai bambanci guda: asalin laifin Kerner ya faru ne tun yana gwamna, kafin ya zama alƙali.

Ta biyu ita ce ma'anar zamba. Masu gabatar da ƙara ba su ce Kerner ya wawure baitulmali ba. Sun ce ya zambaci al'ummar Illinois ta hanyar hana su haƙƙinsu na samun shugaba mai yi musu aiki da gaskiya. Wannan fassara ta zama makamin da aka ɗaure 'yan siyasa da dama da shi. A 1987 Kotun Ƙoli, a wata shari'a daga jihar Kentucky, ta ce dokar zamba ta gidan waya tana kare kuɗi da dukiya ne kawai. Shekara guda bayan haka majalisa ta gyara dokar ta mayar da fassarar, a 2010 kuma kotun ta taƙaita ta ga cin hanci da karɓar kaso.

A kan wannan ne masu kare Kerner suke tsayawa. Suna cewa an ɗaure shi da fassarar da Kotun Ƙoli ta rushe daga baya, kuma gwamnatin Nixon ta yi amfani da hukumar haraji wajen ramuwar gayya a kan ɗan Democrat na Chicago saboda zaɓen 1960. Littafin tarihinsa da Bill Barnhart da Gene Schlickman suka wallafa a 1999 ya bi diddigin waɗannan hujjoji. Gaskiya ne cewa Nixon ya yi ƙoƙarin amfani da hukumar haraji a kan abokan gabarsa, kamar yadda binciken Watergate ya nuna, kuma gaskiya ne cewa shari'ar ta ɗaga Thompson, wanda ya zama gwamnan Illinois daga 1977 zuwa 1991. Sai dai niyyar mai bincike ba ta goge abin da binciken ya tono. Kerner da bakinsa ya amince cewa yana gwamna ya mallaki hannun jari a sana'ar da mutanen da ya naɗa suke kula da ita, a farashin da talakan Illinois ba zai samu ba, kuma jama'ar da suka zaɓe shi ba su sani ba.

Ƙarshe

Ranar 22 ga Yulin 1974, yayin da barazanar tsigewa ke tafe, ya yi murabus daga kujerar alƙali. Cikin mako guda ya shiga gidan yarin tarayya da ke Lexington a jihar Kentucky. A watan Maris na 1975 aka sake shi bayan likitoci sun gano yana da cutar kansar huhu. Ya ci gaba da musanta laifin har ƙarshen ransa, kuma bai samu afuwar shugaban ƙasa ba. Ya rasu a Chicago ranar 9 ga Mayun 1976 yana da shekara 67. Saboda aikin sojan da ya yi, an binne shi a maƙabartar Arlington, inda Amurka ke binne dakarunta.

Bayansa, wasu tsofaffin gwamnonin Illinois uku sun shiga kurkuku: Dan Walker, kan zambar banki da ya aikata bayan barin mulki, sai George Ryan da Rod Blagojevich, kan laifukan da suka shafi ofis. Biyun na ƙarshe an same su da laifi ne a tuhume-tuhumen da suka haɗa da zambar hana jama'a aiki na gaskiya, fassarar da shari'ar Kerner ta share wa hanya.